Idan asma ta taso wa yaro a aji: abin da ya kamata malami ya iya da hannunsa

Yaro mai asma yakan yi awa 6 ko 7 a makaranta kullum, kwana 5 a mako. Idan ciwon ya taso masa a cikin waɗannan awoyi, babu uwa a kusa, babu likita. Babban da ke tsaye a kansa malami ne, alli a hannu, yara cike da aji sun zuba ido. Abin da malamin nan zai yi a minti 10 na farko shi ne sau da yawa ke raba yaron da zai koma bencinsa ya ci gaba da rubutu da wanda za a fita da shi ranga-ranga.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ne ke ɗauke da asma, wadda wasu ke kira fuka, kuma ta yi ajalin mutum 455,000 a wannan shekara. A cikin cututtukan da ke zama da yaro shekara da shekaru babu wadda ta kai ta yawa, don haka da wuya a samu makarantar da ba ta da masu ita, ko an rubuta sunayensu ko ba a rubuta ba. Alƙaluman da suka fi shafar batunmu kuwa daga Birtaniya suka fito. A 2014 ƙungiyar likitoci ta Royal College of Physicians ta fitar da sakamakon bin diddigin mutuwar mutum 195 da asma ta kashe. Kashi 45 cikin 100 sun cika ne ba tare da sun nemi taimakon asibiti ba, ko kuma kafin taimakon ya iso. Kashi 23 cikin 100 kaɗai ke da rubutaccen tsarin abin da za a yi idan ciwon ya tashi. Kashi 45 ɗin nan kusan rabin mutanen ke nan, likita bai ma samu ganinsu ba. Wanda ke kusa da su shi ne kaɗai ke da damar yin wani abu.

Saboda haka duk horon da za a ba malamai a kan asma, ma'auninsa ɗaya ne: ya sa magani ya shiga ƙirjin yaro da wuri kuma ta hanyar da ta dace, ko bai sa ba? Bitar da aka kwashe awa 2 ana jawabi, aka raba takardar shaida aka watse, alhali babu malamin da ya riƙe inhela, wato ɗan gwangwanin feshin maganin da ake shaƙa ta baki, a hannunsa, ba ta kai ga nan ba.

Abin da ke faruwa a cikin ƙirji

Huhu cike yake da ƙananan bututu masu rassa kamar bishiya, kowanne da zaren tsoka kewaye da shi. Idan asma ta motsa, abu 3 ke haɗuwa. Tsokar ta tsuke bututun kamar an ja zariya, bangonsa na ciki ya kumbura, majina mai kauri ta taru a ɗan hanyar da ta rage. Tsukewa kaɗan ba ƙaramin abu ba ne, domin a lissafin gudun iska cikin bututu, idan faɗinsa ya ragu da rabi, wuyar wucewar iska tana ninkuwa har sau 16. Bututun yaro kuwa da ma can ƙanana ne.

Fitar da iska ta fi shigar da ita wuya. Yaron yana ja, amma ba ya iya fitarwa duka, sai tsohuwar iska ta maƙale, ƙirji ya cika ya yi tam, sabuwa ta rasa wurin shiga. Wannan ne dalilin da ya sa cewa “ja numfashi da ƙarfi” ba ta da amfani a gare shi. Ba ja ne ya gagare shi ba.

Maganin gaggawa shi ne salbutamol, wanda a Amurka ake ce wa albuterol, kuma aka fi sani da sunan kasuwa Ventolin. Galibi inhelarsa shuɗiya ce. Kowane feshi maikurogiram 100 ne, gwangwani ɗaya kuma feshi 200. Aikinsa sassauta tsokar da ta tsuke. Yana fara aiki cikin kamar minti 5, ƙarfinsa ya kai awa 4 ko fiye da haka kaɗan. Kumburin ciki kuwa ba ya taɓa shi. Kumburi aikin ɗaya inhelar ce, ta rigakafi mai sitiroyid, wadda ake shaƙa kullum safe da dare a gida, kuma sai ta yi kwanaki kafin a ga tasirinta. Idan aka ɗauko ta rigakafi a lokacin da numfashi ya sarƙe, an ɓata lokaci ne kawai. Launi yana taimakawa, amma yana bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka a koya wa malami ya karanta sunan maganin a jikin gwangwani.

Ganewa

A ɗauka an dawo daga tara. Yarinya ’yar aji 4 ta zauna tana tari busasshe ba ƙaƙƙautawa. Ta daina rubutu, ta dafe benci da hannu biyu, kafaɗunta sun ɗaga. Idan aka matso kusa za a ji ƙirjinta na fito siriri duk lokacin da ta fitar da iska. Ramin da ke ƙasan maƙogwaronta yana lotsawa da kowane ja, haka fatar da ke tsakanin haƙarƙari, kafofin hanci suna buɗewa suna rufewa. Wannan hoto shi ya kamata ya zauna a idon malami. Sai dai ba kowane yaro ke zuwa da shi cikakke ba. Wani tari kaɗai zai yi. Ƙanana sukan ce “Malama, cikina ke ciwo” domin ba su san yadda za su kwatanta matsewar ƙirji ba. Wani kuma mai surutu ne, sai kawai a ga ya yi tsit.

Gwajin da ya fi sauƙi, ba ya buƙatar na’ura, shi ne magana. “’Yata, faɗa mini sunanki da ajinku da darasin da muke yi.” Idan ta faɗa duka da numfashi ɗaya, abin bai yi nisa ba tukuna. Idan tana yanke jimla tana hutawa a tsakani, ya yi tsanani. Idan kalma ɗaya-ɗaya take fitarwa, ko kai kawai take gyaɗawa, rai na cikin haɗari. Wanda ke da agogo zai iya ƙara ƙidayar numfashi: a ƙirga na daƙiƙa 30 a ninka biyu. Sama da 30 a minti ga wanda ya wuce shekara 5, ko sama da 40 ga ɗan shekara 2 zuwa 5, alamar tsanani ce.

Akwai kuskure ɗaya da ya cancanci a tsaya a kansa a kowace bita, domin yana kashewa. Fiton ƙirji sai da iska mai wucewa yake fita. Idan bututun suka kusa rufewa ɗungurungum, fiton yakan ɗauke. Yaron ya daina tari, ya yi shiru, idanunsa na lumshewa, sai wanda bai sani ba ya ce alhamdu lillahi ya lafa, a bar shi ya yi barci. Alhali gajiya ce ta kama shi, iska ta daina shiga. Sauƙi na gaskiya da magana yake zuwa: yaron ya fara jera jimla, kafaɗu su sauka, ya dubi mutane. Shirun da ya zo da kasala, ko ruɗewa, ko gyangyaɗi, ba sauƙi ba ne. Haka batun canjin launi. Littattafai da yawa suna cewa fata za ta yi shuɗi, amma a baƙar fata ba a ganin wannan da wuri. A janyo leɓen ƙasa a duba cikinsa, a duba harshe da dasashi da farce. Idan sun dusashe sun koma toka-toka ko shuɗi-shuɗi, iskar oksijin ta yi ƙasa ƙwarai.

Mintunan farko

A zaunar da yaron a miƙe, ya ɗan karkata gaba. Kada a kwantar da shi, domin kwanciya tana ƙara danne ƙirji. Malami ba ya barin wurin. Ya kira yaro ɗaya da sunansa ya aike shi ya ɗauko magani, ya kira wani ya je ya zo da malami na biyu. Aiken da aka jefa wa aji baki ɗaya, “wani ya je ya kira”, ko kowa ya tashi ko babu mai tashi. Magani ne ke zuwa wurin yaro. Tura mai sarƙewar numfashi ya taka zuwa ofis, balle ya hau bene, yana cinye ɗan ƙarfin da ya rage masa, kuma yana iya faɗuwa a hanya ba wanda ya gani. Sauran yara a janye su gefe, a sassauta masa wuyan riga, a yi masa magana da murya ƙasa-ƙasa: “Ina nan tare da kai, ɗana. Ga magani nan zuwa.” Tsoro yana ƙara saurin numfashi, kuma yaro a fuskar malaminsa yake karanta girman abin da ya same shi.

Sai ba da maganin, kuma a nan ne hannu ke buƙatar sabo. Inhela kaɗai a baki tana neman mutum ya matsa a daidai lokacin da ya fara jan numfashi a hankali, sannan ya riƙe na daƙiƙa 10. Ko lafiyayyen babba yana kuskure a nan. Ƙungiyar GINA, mai fitar da ƙa’idojin kula da asma na duniya, ta ce har kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na masu ciwon ba sa amfani da inhela daidai. Yaron da ke haki ba zai iya ba sam. Feshin yana fita da gudu, ya bugi harshe da maƙogwaro ya tsaya a nan. Maganin wannan matsala shi ne gorar shaƙa, wadda ma’aikatan asibiti ke ce wa sifesa: roba ce mai faɗin ciki, inhela na shiga ta gindinta, yaro na shaƙa ta bakinta. Feshin yana tsayawa a cikinta yana shawagi, yaron ya kwashe shi da numfashinsa na yau da kullum. Bincike ya nuna cewa ga mafi yawan yaran da ciwon ya taso wa, inhela da gora suna aiki daidai da na’urar tururin magani ta asibiti.

Ga yadda ake yi. A cire murfin inhela, a leƙa bakinta ko wani tarkace ya shiga, domin abin da ya kwana a jakar ɗalibi komai na iya shiga cikinsa. A girgiza ta sosai. A riƙe ta a tsaye, gwangwani na sama, a cusa a gindin gora. Yaro ya kama bakin gorar da haƙora ya rufe leɓe ruf. Idan ƙarami ne, kamar ƙasa da shekara 4, a yi amfani da mai marufin hanci da baki, a manna shi da fuska ba tare da kafa ba. A matsa sau 1. Ya ja ya fitar sau 4 ko 5 a cikin gorar. A zare, a sake girgizawa, a sake matsawa sau 1. Feshi ɗaya-ɗaya ake yi. Masu gaggawa sukan danna sau 4 a jere su ce yaro ya shaƙa, amma ƙwayoyin feshin haɗuwa suke su manne a bangon gora, abin da ke kaiwa huhu ya ragu. Haka idan aka fesa aka tsaya magana kafin yaro ya sa baki.

Feshi nawa? A nan ƙasashe sun ɗan bambanta a ƙidaya. A Ostireliya ana koyar da ƙa’idar huɗu-huɗu: feshi 4, kowanne da numfashi 4, a jira minti 4, idan babu sauƙi a sake 4, idan har yanzu babu a kira motar asibiti a ci gaba da 4 duk minti 4 har ta iso. A Birtaniya ana ba da feshi 1 duk daƙiƙa 30 zuwa 60 har a kai 10, idan babu sauƙi a kira motar asibiti, idan ta yi minti 10 ba ta zo ba a sake wasu 10. Dukkansu hanya ɗaya suka nufa, wato magani da wuri, da yawan da zai yi aiki, a maimaita, a nemi taimako. Abin da ke kawo ruɗani shi ne makaranta ta koyar da biyun a haɗe. A zaɓi ɗaya, wadda ta dace da ƙa’idar hukumar lafiya ta ƙasar, a buga ta da manyan haruffa a liƙa a kowane aji da cikin akwatin magani. Idan yaro yana da takardar likitansa da ta faɗi wani adadi, ita ake bi.

Malamai da yawa tsoron yawan feshi suke ji, sai su ba da 1 ko 2 su tsaya suna jira. Ya kamata mai ba da horo ya faɗi gaskiyar lamarin ƙarara. Feshi 10 na salbutamol yakan sa hannu rawa, zuciya ta buga da sauri, wani lokaci kai ya yi ciwo, kuma duk suna wucewa. Ko da an ba yaron da daga baya aka gano ba asma ce ta kama shi ba, da wuya ya cutu. Ƙarancin magani shi ne abin tsoro.

Inda babu gorar kanti, akwai mafita da aka gwada. A 1999 likitar yara Heather Zar da abokan aikinta a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu suka wallafa binciken da ya nuna cewa robar lemo mai cin mililita 500, idan aka gyara ta daidai, tana aiki kamar gorar da aka saya, yayin da kofin roba mai kumfa ya gaza. Ana huda gindin robar daidai da siffar bakin inhela, yadda zai shiga ya matse ba iska na fita, yaro ya shaƙa ta bakin robar. A wanke ta da ruwan sabulun wanke kwanoni a bar ta ta bushe da kanta. Amma wannan aiki ne na ranar bita. Ba lokacin da yaro ke haki ake neman wuƙa da roba ba.

Akwai abubuwan da mutane ke yi da kyakkyawar niyya waɗanda dole a hana. Ɗura ruwa ko wani abin sha a bakin mai haki na iya sarƙe shi. Sa shi numfashi cikin leda ko jakar takarda yana rage masa oksijin ɗin da yake nema. Turare da hayaƙi da man shafawa mai ƙarfin ƙamshi suna ƙara tsuke bututun. Maganin tari ba ya buɗe komai. Salbutamol na ƙwaya ko na ruwa yana daɗewa kafin ya fara aiki kuma ya fi sa rawar jiki. Asfirin da ibuprofen kuwa suna tayar wa wasu masu asma da ciwon.

Lokacin tafiya asibiti ba ya buƙatar dogon shawara. Idan yaro ba ya iya magana, ko launin cikin leɓensa ya canja, ko ƙirji ya yi shiru, ko ya fara ruɗewa ko gyangyaɗi, ko an gama zagayen farko na feshi babu sauƙi, ko babu maganin ma kwata-kwata, a kira motar asibiti nan take. Iyaye ana kiransu ne bayan an kira taimako, kuma ba a jiran isowarsu ko izininsu. Inda motar asibiti ba ta zuwa da wuri, tun farkon zango makaranta ta san motar wa za a ɗauka, wa zai tuƙa, wane asibiti ne mafi kusa da ke da oksijin. A cikin motar yaro na zaune, wani babba ban da direba na gefensa yana ci gaba da ba shi feshi. Idan ya sume kuma ba ya numfashi, a kwantar da shi a kan abu mai tauri a fara farfaɗo da shi, danna ƙirji 30 da hura iska 2, da saurin danna 100 zuwa 120 a minti.

Wani yanayi yana kama da asma amma maganinsa na farko daban ne. Yaron da aka san yana da alaji mai tsanani, wato jikinsa ba ya jure wani abinci ko harbin ƙwaro, ya ci wani abu ko ƙwaro ya harbe shi, numfashinsa ya sarƙe farat ɗaya, musamman idan murya ta dusashe ko leɓe ya kumbura ko jiki ya yi borin jini, allurar adirenalin a gefen cinya ake fara yi masa, sannan inhela. Idan aka tsaya kan inhela kaɗai, maƙogwaro na iya rufewa.

Ina maganin yake?

Malami ya iya duk wannan, amma inhela na cikin durowa a kulle, mai makulli ya fita: an koma gidan jiya. A 2012 wani yaro ɗan shekara 12 mai suna Ryan Gibbons a lardin Ontariyo na Kanada ya rasu bayan asma ta taso masa a filin wasa. Inhelarsa na ofis bisa dokar makarantar, abokansa suka ɗauke shi suna ƙoƙarin kai shi can, bai kai ba. A 2015 lardin ya kafa Dokar Ryan, wadda ta wajabta wa makarantu barin ɗalibi ya riƙe inhelarsa da izinin iyaye. A Birtaniya kuma, daga 1 ga Oktoba 2014 aka ba makarantu damar sayen salbutamol ba tare da takardar likita ba domin ajiyar gaggawa, saboda yaron da ya manta tasa a gida ko ta ƙare. Darasin da ke ciki bai tsaya ga waɗannan ƙasashe ba. Babban yaro ya riƙe tasa a aljihu, ta ƙarami ta zauna a ajinsa da sunansa a jiki, a inda hannun babba zai kai ba tare da makulli ba. Idan za a fita filin wasa ko yawon buɗe ido, akwatin ya bi su.

Akwatin ya ƙunshi inhela, gora aƙalla 2 har da mai marufin fuska, katin matakai, jerin sunayen yara masu asma da lambobin iyayensu, da takardar rubuta abin da aka yi amfani da shi. Mutum 2 a ɗora wa alhakin duba shi duk wata, domin idan ɗaya ne, ranar da ya tafi hutu aikin ya tsaya. Abin da suka fi bincikawa shi ne ko akwai magani a gwangwanin. Inhelar da ta ƙare tana ci gaba da yin “fuss” idan an matsa, ana kuma jin motsi idan an girgiza, saboda iskar da ke tura maganin takan rage bayan shi ya ƙare. Jefa gwangwani a ruwa a ga ko zai nutse ba gwaji ba ne abin dogaro, yana ma iya toshe bakinsa. Idan babu ma’aunin ƙidaya a jikinta, a riƙa rubuta kowane feshi a cire daga 200. A duba ranar lalacewa. A ajiye ta nesa da rana da zafin da ya wuce digiri 30, kada a bar ta cikin mota a rufe. Wadda ta daɗe ba a taɓa ba, a fesa 2 a iska kafin a ba yaro. Gora kuma a wanke ta duk wata da ruwan ɗumi da sabulu, kada a goge cikinta da tsumma, domin guga tana sa robar ta riƙa janyo maganin yana mannewa a bango.

Yadda horon zai kama

Kowa ake horarwa: malaman aji, malamin wasanni, mai gadi, direba, masu shara, masu kula da ɗakin kwana. Makarantar da ta tura mutum ɗaya bita ta ce shi ne mai kula da asma ta manta cewa yana da ranar da ba zai zo ba. Awa 1 zuwa 2 ta isa idan aka raba ta daidai, kuma fiye da rabinta ya tafi a aikin hannu. A samo inhelar gwaji marar magani da gora, kowane mutum ya harhaɗa, ya girgiza, ya matsa, ya ƙirga da baki, nas ko likita na kallo yana gyarawa. Wanda ya tsallake girgizawa ko ya riƙe gwangwani a kife, ya sake daga farko. Kallon wani yana yi ba iyawa ba ne.

Daga nan sai atisaye, a ainihin aji da ainihin fili, da agogo a hannu. Wani ya zauna a matsayin yaron, a danna agogo daga lokacin da ya fara tari zuwa lokacin da feshin farko ya shiga. A irin wannan gwaji ne asiri ke tonuwa: akwatin na bene na 2, wayar ofis babu caji, ƙofar da mota za ta shigo a kulle take, malamin da ya maye gurbin wani bai san su wa ke da ciwon ba. Duk abin da ya fito a gyara shi a makon. Hannu yana mantuwa, don haka a maimaita aƙalla sau 1 a shekara, kuma farkon shekarar karatu ya fi, domin a ƙasashe irin su Kanada da Birtaniya an daɗe da lura cewa kwantar da yara masu asma a asibiti yana hauhawa a watan Satumba, makonni kaɗan bayan komawa makaranta, lokacin da mura ke yawo tsakanin yara kuma wasu sun yi sakaci da maganin rigakafi a hutu. Sabon malami kuma ba ya jiran shekara ta zagayo.

Akwai tsoron da malamai ba sa faɗa a fili, wato idan na ba shi magani wani abu ya faru, ni za a kama. Wannan ba jawabi ke warware shi ba, takarda ce. Tun ranar rajista a tambayi iyaye ko yaro na da asma, a karɓi rubutaccen izininsu, a nemi tsarin da likitansa ya rubuta mai nuna maganinsa, abin da ke tayar masa da ciwon da adadin feshi. Shugaban makaranta ya sa hannu a kan ƙa’idar da ta ce duk ma’aikacin da ya bi matakan nan makaranta na bayansa. Wasu iyayen suna ɓoye ciwon don gudun a tsangwami ɗansu ko a hana shi wasa, saboda haka a yi tambayar a keɓe, a kuma bayyana musu dalilinta. Takardar likitan ta ƙara muhimmanci yanzu, domin tun 2019 GINA ta daina ba da shawarar dogaro da salbutamol kaɗai ga manya da matasa, kuma ɗaliban sakandare da dama inhela ɗaya suke riƙewa mai haɗin budesonide da formoterol, wadda ke aikin rigakafi da na gaggawa a tare. Ƙidayarta daban ce, ba a yi mata feshi 10 a jere.

Malamin wasanni na buƙatar ƙarin minti 15 nasa. Asmar da motsa jiki ke tayarwa ta fi tsananta ne minti 5 zuwa 15 bayan an tsaya, wato lokacin da yara suka koma aji wurin wani malami da bai ga gudun ba. Hana yaron wasa ba shi ne magani ba. Ɗumama jiki a hankali, da feshi kafin a fara idan likita ya rubuta, sun wadatar ga mafi yawa. Wanda ya tsaya ya ce ƙirjinsa ya matse, a yarda da shi, kada a ce ragwanci ne. A cikin aji kuma a rage abin da ke tayar da ciwon: a goge allo da jiƙaƙƙen tsumma, a yayyafa ruwa kafin shara kuma a yi ta bayan an tashi, kada a ƙona bola yara na nan, feshin maganin ƙwari da fenti a bar su sai hutu.

Bayan ciwon ya lafa aiki bai ƙare ba. Salbutamol tsoka ya sassauta, kumburin na nan, kuma idan ƙarfinsa ya sauka ciwon na iya dawowa, sau da yawa cikin dare. A rubuta ƙarfe nawa ya fara, me yaron yake yi, feshi nawa aka ba shi da lokacin kowanne, a miƙa wa iyaye hannu da hannu a ranar. A gaya musu likita ya gan shi cikin kwana 2 ko da ya warware, kuma idan ya sake neman inhela kafin awa 4 ta cika, asibiti za a nufa a daren. Rajistar ta zauna a makaranta ana dubawa. Ɗalibin da sunansa ke fitowa sau 3 ko fiye a mako, ko yake barci a aji saboda tari ya hana shi runtsawa, ko yake yawan fashi, maganin rigakafinsa ne ke buƙatar likita ya sake dubawa, sai a kira iyayensa a nuna musu shafin.